Tiya ba ta tambayar gonar wa

Jama'ar Gazawa da Agye da Gidan Rumji, akwai wata magana da ke yawo a majalisu, kuma lokaci ya yi da za mu kashe ta. Wai wanda ya bar lakwal, ya yi aure, ya kama noma, tasa ta ƙare. Wai ko ya ci jarrabawa daga gida, takardarsa ba ta kai ta ɗan aji ba. Wannan ƙarya ce, kuma tana kashe zuciyar samari da ƴan mata da yawa.

Ga yadda abin yake. A Nijar yaro yakan yi shekara 6 a firamare, 4 a kwaleji, 3 a lise. A ƙarshen kwaleji akwai jarrabawar birbe, a ƙarshen lise akwai bak. Amma gwamnati ta bar ƙofa ga wanda ba ya cikin aji. Yana iya kai takardunsa da kansa, ya biya kuɗin rajista, ya zauna jarrabawa. Shi ake kira kandida libir. Tambayoyinsa su ne na ƴan aji. In ya ci, takardarsa ɗaya da tasu.

In ka kai hatsi ko aya kasuwa, mai awo ba ya tambayarka gonar wa, ko kwana nawa ka yi kana noma. Tiya ta cika ko ba ta cika ba, shi ke nan. Haka jarrabawa take.

Ba mu kaɗai ke da irin wannan ƙofa ba. A Amurka, tun 1967, akwai wata jarrabawa mai suna CLEP. Mutum ya karanta darasi a gida, ya zauna kamar awa ɗaya da rabi ya amsa tambayoyi. In ya ci, jami'o'i da yawa sukan yafe masa zaman ajin wannan darasi, ya rage lokaci da kuɗi.

Masu musu za su ce: "Ai wannan hanyar ragwaye ce, masu son takarda ba wahala." To, mu bambanta. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida na Nijeriya ya tona yadda ya sayi digiri a Kwatano, ƙasar Benin, cikin mako 6, bai shiga aji ba, bai zauna jarrabawa ba. A Janairun 2024 Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Wannan shi ne ha'inci: tiya ce da aka cusa wa tsumma a gindi. Kandida libir kuwa sai ya kawo hatsinsa an auna a gaban kowa.

Kuma kada kowa ya ruɗe ku da gaggawa. A Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, digirin farko, wato lisans, shekara 3 ne bayan bak. Duk wanda ya ce zai samo maka shi cikin wata 3, kuɗinka yake so. Sauri ya haifi nawa.

Mai niyya ya shirya tun yanzu. Ya nemi takardar haihuwa. Ya sani da Faransanci ake jarrabawar, don haka bayan karatun Hausa da muke yi a ajin yaƙi da jahilci, sai ya ɗora da Faransanci da lissafi. Ya nemi tambayoyin shekarun baya wurin mushe. Ku haɗu ku uku ko huɗu, ku yi ta bita da rani, lokacin da aikin gona ya yi sauƙi.

Ku kuma magidanta, matar da aka cire daga kwaleji aka yi mata aure, ku bar ta ta gwada sa'arta. Gemu ba ya hana ilimi, goyo ma haka. Allah ya ba mai rabo sa'a.