Sharhi: A Fara Horon Malami Tun Daga Sakandare



Wanda duk ya yi firamare a Arewa kafin shekarun 1990, da wuya in ba mai shaidar koyarwa ta Gired Tu ne ya koya masa baƙi da wasali ba. Yadda ake samar da wannan malami sananne ne. Yaro yana gama firamare sai a kai shi kwalejin horon malamai, irin su Wudil, Bichi, Toro ko Maru, 'yan mata kuma su nufi tasu kwalejin, wato WTC. Shekara biyar zai yi yana karatun da takwarorinsa na sakandare ke yi, amma a haɗa masa da dabarun koyarwa da sanin halin yara. Kafin ya fita sai an tura shi wata firamare ya riƙe aji na makonni, malaminsa na zaune a bayan aji da biro, yana duba yadda ya tsara darasi, da rubutunsa a allo, da ko ɗan da ke lungu yana jin muryarsa.

Kwalejin Katsina ma, wadda aka buɗe a 1922, don horon malamai aka kafa ta. Daga nan Ahmadu Bello ya fita ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa a ta Bauchi, Abubakar Imam a ta Katsina. A lokacin, zaƙaƙuran yara ake tsamowa a ba su alli.

Abin ya fara taɓarɓarewa da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976. Yara suka cika makarantu, aka shiga yaye malamai a gurguje, inganci ya faɗi. Daga baya gwamnati ta ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar da za a koyar da ita, aka mayar da kwalejojin nan sakandare. Niyyar mai kyau ce, kuma ni ba na cikin masu cewa a dawo da Gired Tu yadda take. Ɗan shekara goma sha biyu bai isa ya zaɓi aikin da zai yi har tsufa ba. Sai dai garin neman gira an rasa ido. An ɗaga takarda, amma an toshe hanyar da matashi ke saba wa da aji tun yana ɗanye.

Yau wa ke shiga kwalejin ilimi, inda ake yin NCE? A 2025 hukumar JAMB maki 100 cikin 400 ta yanka wa waɗannan kwalejoji, ƙasa da na jami'a. Wanda likitanci da lauya suka ƙi shi ne yakan gangaro, yana cewa, "Bari in riƙa koyarwa kafin aiki ya samu." Mun ga sakamakon a Kaduna a 2017, inda malamai sama da dubu 21 cikin kimanin dubu 33 suka kasa cin jarrabawar da gwamnatin Nasir El-Rufa'i ta ce ta 'yan aji huɗu na firamare ce. An yi ta jayayya kan yadda aka gudanar da ita, amma babu uban da ya ji labarin hankalinsa ya kwanta.

A 2011 aka sa darussan sana'a a babbar sakandare, har da ɗinki da kiwon kifi da gyaran waya. Koyarwa ba ta samu shiga ba. Me zai hana a buɗe mata sashe daga SS1 zuwa SS3? Ɗalibi ya yi darussansa na WAEC da NECO kamar kowa, don kada a rufe masa ƙofar jami'a, amma sau ɗaya a mako ya je firamaren unguwarsu ya zauna ƙarƙashin gogaggen malami: ya fara da duba littattafan yara, ya koya wa biyar karatu a gefe, a shekarar ƙarshe ya tsaya gaban allo. Wanda aikin bai karɓe shi ba zai gane da wuri. Wanda ya karɓe shi kuwa, a ba shi gurbin NCE da tallafin karatu.

Ƙauyukan da malaman birni ke gudu su za su fi amfana, musamman da 'yan mata, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki da makaranta in malamar 'yar garin ce.

Sai dai ɗalibin nan yana da ido. In ya ga malamin da yake koyo a wurinsa yana bin ƙaramar hukuma bashin albashi, ba zai tsaya ba. A 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin albashi na musamman ga malamai da alawus ga masu karatun koyarwa. Jihar da za ta buɗe wannan sashe sai ta fara sa kuɗin waɗannan biyun a kasafinta.