Rumbun haya ko rumbun gida?

Duk wanda ya ga ma'aikatan bincike suna zagaya kasuwannin Maraɗi ko ƙauyukan Tawa, salula a hannu, suna tambayar kuɗin tiyar hatsi ko yawan yaran gida, ya ga aikin manhajoji irin su ODK da KoboToolbox. An faro ODK a 2008 a jami'ar Washington ta Amurka. Manhajojin a buɗe suke, kowa na iya ɗauka ba da ko dala ba. Nan ne shugabannin ma'aikatu da yawa ke ruɗewa, domin manhajar ce kyauta, ba rumbun da amsoshi ke taruwa ba.

Mai son sauƙi yakan yi hayar rumbu wurin masu manhajar. Su ke gyara, su ke tsaro. Amma mai gida shi ke yanka kuɗin haya: tun 2023 Kobo ya sa iyaka ga kyautarsa, amsa 5.000 a wata, abin da ya ɗara haka sai da biya. Kuma biyan da kuɗin waje ne, ta katin banki, abin da ke wahalar da akawun gwamnati wanda ya saba da takarda da hatimi.

Wanda ya zaɓi kafa rumbun a biro nasa ya kuɓuta daga haya, ya shiga ciyarwa. Sai na'ura, sai intanet marar yankewa, sai kuran dare da rana. Ba a manta da Agustan 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take ba ƙasar nan, birane suka koma kan janareto. Mafi tsada duka shi ne mutum: masanin da zai sabunta manhaja, ya ajiye kwafin bayanai a wani wuri. Irin wannan ma'aikaci bai cika daɗewa kan albashin gwamnati ba, kuma ran da ya tafi, sau da yawa da kalmar sirri yake tafiya.

Ƙaramar ƙungiya mai bincike biyu a shekara, haya ta fi mata. Ma'aikatar da ke riƙe da sunayen marasa lafiya ko na ƴan gudun hijira kuwa, lissafinta dabam ne. Dokar kare bayanan mutane ta 2022 ta gindaya sharuɗɗa kafin a fitar da irin waɗannan bayanai waje, kuma hukumar HAPDP da ke Yamai ce ke sa ido a kai.