Wa Ya Ce Kano Ba Ta Ga Yaƙi Ba?

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a majalisun Kano: wai yaƙin Boko Haram na Maiduguri ne da dajin Sambisa, mu nan iskarsa ce kawai ta kaɗo mu, Allah Ya tsare, an wuce wurin. In ka ɗauko zancen sai a ce kana tada tsohon miki. Ban yarda da wannan magana ba ko kaɗan, kuma shaidata tana nan tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni.

Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, cikin wuraren da aka kai wa hari har da ofishin fasfo da caji ofis na Farm Centre, a tsakiyar Tarauni. Mutum kusan 185 suka rasu a Kano a yammacin nan, cikinsu da ɗan jarida Enenche Akogwu na gidan talabijin ɗin Channels, wanda aka harbe yana bakin aikinsa. A Janairun 2013 aka buɗe wa ayarin Mai Martaba Ado Bayero wuta kusa da Masallacin Murtala a Hausawa, direbansa da wasu masu tsaronsa suka rasu. A Nuwamban 2015 bam ya tashi a kasuwar waya ta Farm Centre. Duk a ƙaramar hukuma ɗaya.

Amma ƙirgen gawa ba shi ne kaɗai ma'aunin yaƙi ba. Ku tuna dokar hana fita. Ku tuna shingayen jami'an tsaro a titin Zariya, inda magidanci mai furfura zai sauka daga babur ya tura shi cikin rana har ya wuce buhunan yashi. Mai shayi da mai tsire da ke cin kasuwar dare suka rasa abin kaiwa gida. Aka fara laluben mutane a ƙofar masallaci. Bayan hare-haren da aka tura 'yan mata a Yulin 2014, mace mai dogon hijabi ta koma abar zargi a garin da ya tarbiyyantar da ita a kan sanya shi. Wannan tabo ne babba, har yau ba mu zauna mun yi maganarsa ba.

Sai batun acaɓa. Kwanaki kaɗan bayan harin Sarki gwamnati ta hana goyo a babur. Na san dalilin, ban kuma ce babu hujja ba. Sai dai dubban samari sun wayi gari ba sana'a, kuma ba wanda ya bi sawunsu ya ji ina suka nufa. Masu hali suka karɓi Adaidaita Sahu bashi, suna fafutukar haɗa kuɗin mai shi kullum. Marasa hali fa? A yau muna kuka da ƙwacen waya da shaye-shaye, muna zagin tarbiyyar iyaye, ba ma ko son tambayar ko akwai alaƙa. Haka mutanen Borno da Yobe da suka kwararo Hotoro da Mariri da unguwanninmu, gidajen 'yan'uwa suka ɗauki nauyinsu. Wannan ma tarihi ne, kuma abin alfaharin Kanawa ne.

Mu dubi yadda wasu suka adana nasu tarihin. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, manyan biranen Amurka ba su sha ruwan bama-bamai kamar Landan ba, amma Amurkawa ba su taɓa cewa yaƙin bai shafi farar hula ba. Sun adana labarin yadda aka riƙa sayar da sukari da nama da fetur da kati, da yadda miliyoyin mata suka shiga masana'antu. Har wurin tarihi suka keɓe wa wannan a Richmond ta Kalifoniya. Abin kunyarsu ma ba su binne ba: mutum kusan 120,000 masu asalin Japan da aka tsare a sansanoni, a 1988 gwamnati ta nemi gafararsu, ta kuma amince da biyan kowane mai rai dala 20,000.

Za a ce mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara. Haƙiƙa mun yarda. Amma malaman Sira da suka fi mu tawakkali sun rubuta sunayen shahidan Badar da na Uhudu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa muke karanta su yau. Yarda da ƙaddara bai hana marayan Farm Centre sanin cewa garinsu ya san sunan ubansu ba.

Ina kira ga Gwamnatin Kano da Hukumar Tarihi da Al'adu da Jami'ar Bayero: a tattara sunayen waɗanda suka rasu daga 2012 zuwa 2015, a naɗi bayanan zawarawa da tsofaffin 'yan acaɓa da ma'aikatan Asibitin Malam Aminu Kano tun suna raye, a kuma ware 20 ga Janairu ta zama ranar addu'a a faɗin jiha. Masu unguwannin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni su fara da gidajen da ke ƙarƙashinsu, ba sai sun jira umarni daga sama ba.