Jinjina ga Malam Tony, da Kira daga Tenhya

Malam Tony Rinaudo. Ɗan garin Myrtleford na ƙasar Ostareliya, wanda tun yana yaro zuciyarsa ke ƙuna in ya ga ana kwashe dajin garinsu da katafila. A 1981 ka sauka Maraɗi, kai da mai ɗakinka Liz da jariri a hannu, ƙarƙashin mishan ɗin SIM da ta fara kafa zango a Damagaram tun 1924. Ka zo da bishara da ilimin noma, kuma a cikin wannan rairayi kuka yi renon 'ya'yanku, kusan shekara goma sha takwas.

Da farko aikin bai yi albarka ba. Ka dasa dubban itatuwa, rana ta ƙone wasu, awaki da gara suka cinye saura. Sai a 1983, kana tafe da dashe a mota, ka tsaya rage iskar taya don kada yashi ya riƙe ka. Ka roƙi Allah ya buɗe maka ido. Nan ka lura da wani ɗan kurmi a bakin hanya, ka matsa, ashe kututturen itace ne mai rai, saiwarsa na can ƙasa tana jiran a daina sare ta. Daga nan sassaben zamani ya samo asali: manomi ya zaɓi tsiro mafi ƙarfi a kan kututture, ya rage sauran, ya bar shi ya tashi. Da lauje ko 'yar wuƙa an gama.

An kira ka mahaukacin Bature, ka jure. Da yunwar 1984 ta zo, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari, ka haɗa rabon hatsi da sharaɗin barin itace a gona. Bayan yunwa mutane da yawa sun koma sara, amma waɗanda suka bari sun ga gero ya ƙaru, mata sun huta da doguwar tafiyar neman itacen girki. Yau ana maganar hekta miliyan 5 da itace kusan miliyan 200 a Nijar. Wanda ya bi ta Magarya, Matamai da Mirya ya ga gawo ya san ba labari ba ne. Galibin masu gonakin nan Musulmi ne, kuma ba ka taɓa ce wa kalgo ko sabara su tsiro wa 'yan coci kaɗai ba. Wannan halin ya fi mini lambar yabon da aka ba ka a Suwidin a 2018.

To amma, Malam, a zo Damargu. Tanut da Belbeji, rumbun da ayarin Abzin ke ɗaukar gero a da, yanzu iska ce ke kwasar ƙasarsu. A Tenhya kuwa lissafin ya sha bamban. Ƙasar kiwo ce, ta Fulani da Buzaye, kuma dokar 1961 ta shata iyakar noma don kada gona ta haura arewa. Dabararka ta kama ne domin gona tana da mai ita. Aduwar da ke bakin rijiyar makiyaya fa, wa zai yi mata sassabe, wa zai hana a sassare ta wa raƙuma a tsakiyar bazara? Ko a kudu ma, an fara jin makiyayi na kukan cewa reshen gawon da kakansa ke yanka wa shanu ya zama haramiyarsa.

Dokar 2020 ta tabbatar wa manomi haƙƙin itacen da ya rena. Saura mai garke. Almajiranka na coci da na ƙungiyoyi, da ma'aikatan gandun daji, da hukumomin Tenhya, ya kamata su zauna da arɗo-arɗo da shugabannin Buzaye a bakin rijiya, a yanke wurin da za a hutar bana, da wanda zai tsare shi, da rabon ganye in rani ya tsananta. Kai ma muryarka tana kaiwa inda tamu ba ta kai. In ka sake zuwa Nijar, kada motar ta tsaya Maraɗi, a bi da ita hanyar Agadas.