A sake jarrabawa ko a karɓi abin da ya samu?

A Nijeriya, ɗalibin da ya gama sakandare yana son shiga jami'a yakan yi jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Darussa huɗu ne, cikinsu har da Ingilishi. Maki duka 400 ne. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, kuma makin bana ba ya aiki baɗi.

Ga yarinya mai son karatun likita a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Masu nema da yawa, wuri kaɗan, makinta kuwa bai kai ba. Ta sake, ko ta karɓi wani fanni?

Sakewa ba abin kunya ba ne. Amma jiran shekara guda ba wasa ba ne, ga kuɗin rajista bisa wuyan uwaye. Don haka sai ta fara gano abin da ya kada ta. In darasi guda ne, kuma akwai malamin da zai koya mata shi, to ta sake. In kuwa za ta koma ba tare da ta gyara komi ba, gara ta karɓi fannin da ta samu.

Manomin da gonarsa ta gaji ba ya sake shuka sai ya kai taki.