Me Ya Sa Muhalli Ya Gagari Talaka a Ikko?

Baƙon da ya taso daga Arewa ya sauka Ikko yakan sami abin yi tun kafin ya sami wurin kwana. Akwai dako a kasuwar Mile 12, akwai gadi da acaɓa da tallan ruwa, amma ɗaki sai an tona. A unguwanni irin su Agege da Idi-Araba da Obalende, samari sukan cunkushe a ɗaki guda kamar goro a huhu, wasu kuwa a rumfar kasuwa ko barandar masallaci suke raɓawa. Mai iyali yakan bar iyalinsa a gida shekara da shekaru domin ba shi da inda zai ajiye su.

Tushen wannan matsala shi ne jama'a ta fi ƙarfin wurin. Jihar Legas ita ce mafi ƙanƙantar ƙasa a duk jihohin Nijeriya, ga shi kuma ruwa da fadama sun cinye wani babban sashe nata. A ƙidayar 1963 mutanen birnin ba su kai miliyan 1 ba, amma ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9 da 'yan kai, har gwamnatin jihar ta ce an rage mata, mutanenta sun haura miliyan 17. Ko da aka mai da hedkwatar ƙasa Abuja a 1991, tashar jiragen ruwa da masana'antu da bankuna suna nan Ikko, saboda haka kwararowar jama'a ba ta tsaya ba.

Gwamnatoci sun sha yunƙurawa. A 1973 aka kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya, wadda ta gina rukunin gidajen Festac domin bikin al'adun gargajiya na 1977. A shirin raya ƙasa na uku, watau daga 1975 zuwa 1980, an ƙudurta gina gidaje 202,000 a ƙasa baki ɗaya, amma abin da aka kammala bai kai kashi 20 cikin 100 ba. A cikin wannan zamani ne, a 1975, aka yi odar siminti fiye da kima, har ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bakin tashar Apapa wata da watanni, simintin yana daskarewa a cikinsu.

Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi alkawarin gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha. Sai dai fili yana hannun gwamnoni, jihohin da ke hannun wasu jam'iyyu kuwa suka yi ta ja-in-ja da Gwamnatin Tarayya, aka yi ta gina gidajen a bayan gari inda babu ruwa, babu wuta, babu motar haya. Wanda ya fi taɓuka abin kirki shi ne Alhaji Lateef Jakande, gwamnan Legas daga 1979 zuwa 1983, wanda ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Isolo da sauransu. Bayan saukarsa ba a sake yin gini mai yawa irin wannan domin talaka ba.

Sai kuma maganar fili. Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha ga gwamna, ta ce ba a sayar da fili ko a jinginar da shi sai da yardarsa. Samun takardar mallaka yana cin kuɗi da lokaci, banki kuma ba ya ba da rance sai da ita. Bayan wannan ga 'ya'yan masu ƙasa, waɗanda Yarabawa ke kira omo onile, suna karɓar kuɗi a kan tushe, su karɓa a kan rufi, wani lokaci su sayar da fili guda ga mutum biyu. A 2016 jihar ta yi doka domin maganinsu. Kuɗin siminti da rodi da kwano kuma yana bin darajar Naira, wadda ta faɗi bayan 1986, ta sake faɗuwa a 2023. Duk abin da mai gini ya kashe, a wuyan ɗan haya yake saukewa.

Abin takaici, ana ginawa da hannu guda ana rushewa da ɗayan. A Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, aka kori mutum wajen 300,000, daga baya wurin ya zama unguwar masu hannu da shuni. An kori mazauna Otodo Gbame a 2016 da 2017. A 2022 aka ba mazauna Alaba Rago, inda 'yan Arewa suka daɗe suna cinikin dabbobi, wa'adin kwana 14 su tashi. Wanda aka kora ba ya barin gari, wata unguwar yake komawa ya ƙara mata cunkoso, haya ta ƙara tashi.

Ɗan ci-rani shi ne ya fi shan wuya a cikin wannan tsari. Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992 an gina shi ne a kan yankar kashi 2.5 cikin 100 na albashi, ɗan dako da mai shayi kuwa ba su da takardar albashi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar kuɗin fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya, amma wanda ya biya ba rasit, ba yarjejeniya a rubuce, ba shi da abin nunawa a gaban alƙali.

Saboda haka ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su tashi tsaye. Su gargaɗi jama'arsu kada kowa ya biya haya ko kuɗin dillali ba tare da rasit ba, su kuma kafa ƙungiyoyin gama kai masu rajista, a riƙa tara kuɗi kamar adashi ana sayen fili mai cikakkiyar takarda. Ita kuwa gwamnati, in lalle tana nufin talaka da alheri, to ta sauƙaƙa takardar fili, ta gina ƙananan ɗakunan haya kusa da kasuwanni, kuma kada ta aika da katafila wata unguwa sai ta tanadi inda mazaunanta za su koma.