RA'AYINMU: Gindin Bishiya Na Dole Da Na Ganin Dama

Babu malami a Masarautar Gumel da zai ji an ce a fitar da yara waje su yi karatu bai ɗan yamutsa fuska ba, kuma yana da hujja. Shekara da shekaru wannan ƙungiya tana kai kuka a kan azuzuwan da iska ta yaye wa rufi, da waɗanda bangonsu ya tsage, da makarantun ƙauye inda ake jingina allo a jikin darbejiya domin babu inda za a rataye shi. A wurinmu gindin bishiya alamar rashi ce. To, sai ga shi yau wannan shafi zai roƙi 'yan'uwa su riƙa fita da ƙananan ɗalibansu waje da gangan, ko da suna da aji mai rufi da ƙofa da taga. Saboda haka wajibi ne mu faɗi dalili, mu kuma raba tsakanin abubuwa biyu da suka yi kama a ido alhali ba su haɗa hanya ba.

Malamin da ya zauna a gindin bishiya domin ba shi da aji, ajin nan ne ya ɗauko ya kawo waje: yara a jere, allo a gaba, ana maimaita abin da ya faɗa. Bishiyar ba ta da wani aiki sai inuwa. Akuyar da ta gifta, da tsuntsun da ya yi kuka, da ganyen da ya faɗo a kan littafi, duk abokan gaba ne masu raba hankalin yara. Wanda kuwa ya fita da niyya, ya rubuta shirin darasinsa tun daren jiya, a wurinsa bishiyar ita ce darasin, akuyar ma tana iya shiga ciki. Na farko muna yaƙi da shi, kuma ba za mu fasa ba. Na biyun ne muke kira gare shi.

Mai rubuta wannan shafi ya ga abin da idonsa. Wata rana na tambayi 'yan aji biyu su faɗa mini sunayen itatuwan da suka sani. Suka ce darbejiya, suka ce mangwaro, wani ya ce tuffa, domin hotonta ne a shafin farko na littafin Turanci, ko da yake babu wanda ya taɓa ganin bishiyarta a cikinmu, har da ni. Daga nan aji ya yi tsit. Washegari da safe na zaga da su bayan makaranta. Akwai wani yaro ɗan makiyaya da ke zama a layin baya, wanda tun farkon zango ban ji muryarsa ba, har na fara lissafa shi cikin masu nauyin kai. Muna fita ya shige gaba. Ya nuna mana sabara da kalgo, ya bambanta magarya da kurna, ya ce kada a taɓa ruwan tumfafiya a kai ido, ya tsuguna ya nuna sawun ƙadangare da na kurciya a kan yashi. Sauran yara suka bi shi baki buɗe. Da muka koma aji na rubuta sunayen nan a allo, kuma shi ne ya fara ɗaga hannu domin a nuna masa yadda ake rubuta "kalgo". Ban ce ya zama na ɗaya a aji ba. Na dai daina yi masa kallon da nake yi masa, kuma kunyar wannan kallon ba ta sake ni ba har yau.

Abin da ya fi ba ni tsoro a ranar shi ne sauran yaran. Mu da muka tashi a shekarun 1980 mun ci kanya da ɗinya da aduwa daga gindinsu, mun san cewa zuwan shamuwa albishir ne na damina, mun san wace ciyawa ake miya da ita, wace ce ta awaki. Ba a makaranta muka koya ba, gida da daji suka koya mana. Yanzu dajin ya ja baya, gonaki sun haɗe, itatuwan da suka rage sun zama na ƙirga, yaron gari kuwa daga firamare sai Islamiyya, daga nan sai talla ko kallon wayar yayansa. Idan makaranta ba ta ɗauki wannan nauyi ba, ba mu ga wanda zai ɗauka ba.

Kada wani ya ɗauka bidi'a muka kawo. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa kula da ƙananan yara cikin ilimin matakin farko, Manufar Ilimi ta Ƙasa kuma, a bugunta na 2013, ta tanadi shekara ɗaya ta share fage kafin aji ɗaya. Cikin manufofin wannan mataki an ambaci a cusa wa yaro son bincike da ƙirƙira ta hanyar lura da halittu da muhallin da ke kewaye da shi, an kuma ce wasa shi ne babbar hanyar koyarwa. Duk wanda ya bi ta Kwalejin Ilimi ta Gumel ya haddace wannan domin jarrabawa. Ya kuma haddace sunan Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa suna kindagatin a 1840, wato lambun yara, inda ake yanka wa kowane yaro ɗan fili ya shuka abin da zai kula da shi. A ƙasar Denmak akwai makarantun ƙananan yara da ke wuni a daji, a sanyin da mu ba mu san irinsa ba. Mu dai mun karɓi sunan, mun bar lambun. Ajin share fage a wurare da yawa ya zama aji ɗaya ƙarami, inda ake tara 'yan shekara biyar a ɗaki tun safe har azahar suna rera haruffan da ba su san amfaninsu ba.

Amma hujjarmu mafi ƙarfi tana nan ƙarƙashin ƙafarmu. Sunan jiharmu kansa sunan ƙasa ne mai yashi. Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar suna can gefen arewa, inda damina gajera ce, iska kuma ba ta da abin tare ta sai bishiya. Jigawa tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ya shafa, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, Nijeriya kuma ta kafa masa hukuma a 2015. Kafin wannan ma akwai layukan darbejiya da aka dasa tun zamanin tsohuwar Jihar Kano domin karya ƙarfin iska. Gwamnati tana iya dasa bishiya. Wanda zai bar ta ta girma, ko ya sare ta, yanzu haka yana zaune a ajinmu.

Mu dubi maƙwabtanmu na ƙetaren iyaka, waɗanda ke kawo raƙuma da shanu kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Bayan farin shekarun 1970 da 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram sun ɗauki wata hanya da suke kira sassabin zamani: idan an zo sharar gona, maimakon a sassabe duk tohon da ya fito daga kututture, sai a zaɓi mai ƙarfi a bar shi, a rage masa rassa, a kare shi. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya yi aikin yaɗa wannan dabara a yankin Maraɗi tun 1983, amma manoman ne suka ɗauke ta daga gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa itatuwa sun dawo a kan hekta wajen miliyan 5. Babu gandun raino, babu tankar ruwa. Jarin gaba ɗaya shi ne manomi ya gane toho idan ya gan shi, ya san wannan gawo ne, wannan kalgo ne, ya san amfanin kowanne. Yaron da bai san sunan icce ba, da wuya ya ji tausayinsa ranar da gatari ya shiga hannunsa.

Shi gawo ma kaɗai ya isa darasin shekara guda. Ku kai yara gindinsa a watan Yuli, lokacin da ko'ina ya yi kore shar, su gan shi tsirara babu ganye. Ku mai da su a Janairu, sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe, su tarar ya yi lif. Ku tambaye su dalilin da ya sa geron da ke ƙarƙashinsa ya fi na gefe kyau, kada ku ba su amsa, ku ce su tambayo kakanninsu. Cikin wannan akwai kimiyya, akwai Hausa, akwai zane, akwai kuma zumunci tsakanin makaranta da gida wanda taron iyaye goma ba zai ƙulla ba. Sauran darussan ma ba sa bukatar ko kwabo. Ƙwallon magarya da tsakuwa sun fi yatsu yawa wajen tarawa da ɗebewa. Yashi allo ne da ba ya cin alli, kuma yaron da ke tsoron ɓata littafi ba ya tsoron ɓata ƙasa. A kafa sanda a fili a auna inuwarta da taku da safe, a sake aunawa bayan tashin tara. A shuka wake a gwangwani uku, ɗaya yashi zalla, ɗaya laka, ɗaya da taki, yara su yi gardama a kan wanda zai riga fitowa. Zangon farko yana faɗawa a kaka, lokacin da ake yankan riɗi da ɓarar zoɓo a gonakin da ke kewaye da makarantunmu. Abin takaici ne a ce yaro yana karanta sassan tsiro a allo, tsiron kuma yana leƙo shi ta taga.

Mun san abin da za a ce, kuma yawancinsa gaskiya ne. Malami ɗaya da yara fiye da abin da ido zai iya tsarewa, ta yaya zai fita da su? A bazara zafi yakan haura digiri 40, a hunturu ga ƙura da mura. Ga kunama, ga maciji, ga kududdufin da ke cika da damina. Wannan ya sa ba mu ce a nufi daji ba. Harabar makaranta da abin da ke kusa da ita sun wadatar, da sassafe kafin hantsi ya yi zafi, minti talatin ko arba'in, bayan malami ya riga ya zaga wurin shi kaɗai. Kada a fita sai da babba na biyu, ko da uwa ce daga ƙungiyar iyaye mata, ko dattijo daga kwamitin kula da makaranta. Mu a ganinmu dattijon ma riba ce biyu, domin ya fi yawancinmu sanin itatuwa.

Akwai kuma maganar da ba ta da daɗin ji, amma gara mu faɗa wa kanmu kafin wani ya faɗa mana. Iyaye da yawa idan suka ga 'ya'yansu a waje lokacin karatu sai ransu ya ɓaci, su ce boko muka turo su, ba noma ba. Ba haka kawai suke zargi ba. Sun sha ganin an tura yara ɗebo ruwa ko itace, ko tsintar gyaɗa a gonar wani, da sunan aikin makaranta. Sun sha ganin yara na yawo a fili malami na hira a inuwa. Duk ɗan ƙungiyar da ya fake da wannan kira domin ya huta, ko domin ya sami 'yan ƙwadago kyauta, ya sani ƙungiya ba za ta tsaya masa ba. Darasin waje ya fi na cikin aji wahala, kuma dole ya kasance a rubuce kamar kowane darasi, da manufarsa da abin da yara za su koma aji da shi.

Wanda ya yi shi bisa ƙa'ida kuwa, haƙƙinsa ne a kare shi. Ni kaina wani mai duba makarantu ya taɓa tarar da ni a waje da yara muna auna inuwa, bai tambaye ni komai ba, ya rubuta cewa malami ya bar aji. Sai da hedimasta ya nuna masa shirin darasina kafin ya soke. Saboda haka muna kira ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu huɗu da su ba da izini a rubuce, a ware darasi ɗaya a mako cikin jadawali, daga ajin share fage zuwa aji uku, a kuma sanar da masu duba makarantu. Muna kuma cewa da babbar murya kada kowa ya ɗauki wannan shafi ya mai da shi hujjar jinkirta gyaran aji ko da guda ɗaya. Mai fita waje da niyya sai yana da inda zai koma ya rubuta abin da ya gani.

Sai batun dashen itatuwa na kowace shekara, wanda ya kamata ya zama ginshiƙin wannan aiki amma ya zama biki. Ana kawo tsirrai a tsakiyar damina, a dasa, a ɗauki hoto, bayan kwana kaɗan a tafi dogon hutu. Kafin a dawo a Satumba awaki sun gama da su, abin da ya tsira kuma rani ya ƙarasa shi. Bishiya biyar da aka kewaye da ƙaya, aka damƙa kowace ga aji ɗaya, aka naɗa yaran maƙwabta su riƙa leƙa ta lokacin hutu, sun fi ɗari da aka dasa domin hoto. A makarantar da ba ta da ruwa ma, a duba harabar da kyau. Ba a rasa tohon aduwa ko na magarya da ake sharewa duk ranar tsafta, wanda kariya kawai yake bukata.

Muna roƙon kowane wakilin makaranta ya zo taron reshe na gaba da takarda guda: sunayen itatuwan da ke harabar makarantarsa da adadinsu, da bayanin ko akwai ruwa da shinge. Kada malami ya zauna a ofis ya rubuta. Ya fita da 'yan aji biyu ko uku su ƙirga tare, inda suka kasa gane wata bishiya su kira mai gadi ko wani dattijon unguwa. Da waɗannan takardu za mu je wurin sakatarorin ilimi.